Bango Ɗaya, Gida Biyu: Zagayen Unguwannin Ingila Daga Birmingham Zuwa Landan

Duk garin da ka sauka a Ingila, ba ka yin nisa a babban titi sai ka wuce ofishin dillalan gidaje, gilashinsa cike da hotuna, kowane hoto da farashinsa. Kafin a ambaci lambu ko gareji, abin da ake fara gaya maka shi ne yadda gidan yake da na maƙwabta. Ditach shi ne wanda ya tsaya shi kaɗai, kana iya zagaya shi. Semi-ditach, wanda a baki suke cewa semi kawai, tagwaye ne: gida biyu a ƙarƙashin rufi ɗaya, bango ɗaya ya raba su. Teras kuwa jere ne, daga gida uku zuwa hamsin ko fiye, kowanne manne da na kusa da shi dama da hagu. Na bakin layi ana ware shi a talla, don gefe ɗaya kaɗai ya jingina. Lissafin duka na bango ne, nawa ne naka kai kaɗai, nawa kuka yi tarayya da wani. Daga nan farashi ke fitowa, da kuɗin ɗumama gida da hunturu, da hayaniyar da za ka sha, har ma da iyakar abin da doka za ta bar ka ka ƙara a gidanka.

Ƙidayar 2021 ta nuna cewa a Ingila da Wales kashi 31.5 cikin 100 na iyalai a tagwayen gida suke, kashi 23.2 a gidajen jere. Ke nan fiye da rabin iyalan ƙasar suna da bangon tarayya, ba a ma sa masu zama a fulat ba. Wanda ya taɓa neman gida a Gwarinpa ko Lokogoma a Abuja ya san waɗannan sunaye, don daga Ingila aka aro su. Dufleks ne kawai ke rikita mutane: a Najeriya gidan iyali ɗaya ne mai sama da ƙasa, a Amurka gini ne da iyali biyu ke ciki, a Ingila kuma yawanci fulat ne mai hawa biyu.

Da Birmingham na fara, domin a can ne aka adana mafi tsananin nau'in wannan gini. Daga tashar jirgin ƙasa ta New Street, 'yar tafiyar ƙafa ce zuwa kwanar Hurst Street da Inge Street, kusa da gidan wasan Hippodrome. A wannan kwana akwai rukunin gidaje 11 da ake kira Court 15, wanda National Trust, ƙungiyar adana wuraren tarihi, ke kula da shi, aka buɗe wa masu ziyara a 2004. Ba a shiga sai da ɗan jagora, kuma sai ka riga ka kama gurbi, saboda ɗakunan ba sa ɗaukar mutane da yawa. Waɗannan su ne gidajen baya-da-baya. An gina su a farkon ƙarni na 19, lokacin da masana'antu ke jan mutane daga ƙauyuka, masu filaye kuma na neman cusa gidaje iya yawan da fili zai ɗauka.

Tsarin shi ne a gina jere biyu su juya wa juna baya, bango ɗaya ya zama bayan kowannensu. Gidan da ke tsakiya ke nan ya yi tarayya ta gefe uku: dama, hagu da baya. Ƙofa da tagogi duk a fuska ɗaya suke. Jeren gaba yana kallon titi, na baya yana kallon tsakar gida, wadda ake shiga ta wani matsattsen rami da ya ratsa ƙarƙashin ginin. Kowane gida hawa uku ne, ɗaki ɗaya a kowane hawa. Na ƙasa shi ne kicin, shi ne falo, a nan murhun kwal yake. Matakalar tana murɗawa a kusurwa, tsaye ƙwarai, faɗin kowane taki bai kai tsawon tafin ƙafar babba ba, sai ka riƙa sa ƙafa a karkace kana dafa bango. A ɗakin sama an nuna yadda yara ke kwana a gado ɗaya, wasu kai gabas wasu kai yamma, ga labule a tsakiya, bayansa gadon 'yan haya da iyalin ke sawa don su rage nauyin kuɗin gida.

A tsakar gidan ne masai yake, na kowa da kowa, da ɗakin wanki mai babbar tukunyar tafasa ruwa, wanda matan rukunin ke karɓa-karɓa, kowace da ranarta. An shirya gidaje huɗu bisa zamani huɗu, shekarun 1840, 1870, 1930 da 1970. Na ƙarshen shagon wani tela ne, George Saunders, mutumin tsibirin St Kitts, wanda ya yi shekaru da dama yana ɗinki a wurin bayan an kwashe mazauna a 1966.

Idan ka tsaya a ɗakin ƙasa aka rufe ƙofa, nan take za ka gane laifin ginin. Iska ba ta da ta inda za ta fita. Tana shiga ta gaba ta tsaya, ta haɗu da hayaƙin kwal da tururin girki da numfashin mutum takwas ko goma. Yawancin bangayen irin waɗannan gidaje rabin bulo ne, inci huɗu da rabi, tarin maƙwabci ma sai ka ji. Ciwon ƙirji da tarin fuka sun ci mutane a irin waɗannan unguwanni. Manchester ta hana gina sababbi a 1844, Birmingham a 1876, dokar ƙasa ta 1909 ta hana gaba ɗaya. Leeds ce ta samu kafa a dokar, ta ci gaba da ginawa a titunan da aka riga aka amince da su har 1937. Shi ya sa a Harehills da Beeston har yau dubban irinsu na nan ana zaune. Na Leeds sun fi inganci, na baya-bayan har da ɗan fili a gaba. Amma tunda ba bayan gida, a wasu layukan za ka ga igiyar shanya ta tsallaka titi daga bene zuwa bene, riguna na lilo a saman motoci.

Abin da ya maye gurbinsu shi ne jeren gidajen jan bulon da ya cika Small Heath da Alum Rock da Sparkbrook, unguwannin da Musulmi suka yi yawa a Birmingham, inda masallaci da mahautar halal ba sa yi maka nisa. Dokar lafiyar jama'a ta 1875 ta ba ƙananan hukumomi ikon kafa ƙa'idar gini, ƙa'idojin da suka biyo baya kuma suka ce faɗin titi kada ya gaza ƙafa 36, kowane gida ya samu fili a baya aƙalla murabba'in ƙafa 150. Magina suka bi ƙa'idar daidai-wa-daida, ba su ƙara ko inci ba. Wannan ne ya sa tituna suka miƙe sambal, gidaje iri ɗaya har iya ganinka.

Wani ɗan'uwa Bakano da ke aikin duba gine-gine ya shigar da ni ɗaya da ake gyarawa, an ɗage katakon ƙasa, an kankare yaɓe, komai a fili. Faɗin gidan bai wuce mita huɗu zuwa biyar ba. Ɗaki a gaba, ɗaki a baya, matakala a tsakaninsu, ɗakunan kwana biyu a sama. Daga baya wani siririn reshe ya fita, nan ne kicin, manne da kicin ɗin maƙwabci, an bar ɗan lungu a gefe don haske ya samu tagar ɗakin baya. A ƙarshen filin akwai inda masai da rumbun kwal suke a dā, da ƙofa zuwa lungun baya, wanda masu kwasar bayan gida da masu kawo kwal ke bi. Kowane gida juyin na kusa da shi ne, don murhunsu su haɗa baya su fita ta mafitar hayaƙi ɗaya. In ka ƙirga tukwanen da ke kan rufi, ka ƙirga murahun gidajen biyu, kowace tukunya da nata murhun.

"Malam, zo ka sa hannu nan," in ji shi, yana nuna mini inda katakon da ke ɗauke da daɓen bene ya shige cikin bangon tarayya. Yatsu biyu suka shige a gefen katakon. Bangon da kansa bulo ɗaya ne cikakke, inci tara, kuma inci tara na jan bulo da yaɓe ciki da waje yana tare sauti sosai. Ba ta jikin bulon hayaniya ke bi ba, ta irin waɗannan kafofi ne: bakin katako, layin kwaɓi da birkila bai cika ba a ƙarƙashin daɓe inda ba mai gani, da bayan murhu inda kaurin ya ragu zuwa rabi. Mutane da yawa suna kashe kuɗi su manna allo a bango su ga ba abin da ya canza, don ba su taɓa ƙarƙashin daɓe ba. Gyaran da ke aiki yana farawa da ɗage katakon ƙasa a toshe kowace kafa da kwaɓi. Sannan a kafa wani siririn bango na ƙarfe ko katako a gaban tsohon, a bar rata aƙalla milimita 10 kada su taɓa juna, a cusa audugar dutse mai kaurin milimita 50, a rufe da allon filasta biyu, gaɓar na sama kada ta faɗa kan ta na ƙasa, a bi gefuna da abin toshewa mai laushi. Ɗakin zai rasa kamar santimita 10 zuwa 12 na faɗinsa. Sukuru ɗaya da ya ratsa ya kama tsohon bangon ya isa ya rage amfanin aikin. A sababbin gidaje, ƙa'idar gini tun 2003 ta ce bangon tarayya ya rage sauti da aƙalla desibel 45 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne).

Danshi shi ne ciwo na biyu, kuma yawancinsa gyaran baya ne ke jawo shi, ba ginin asali ba. Tsofaffin magina suna shimfiɗa falalen dutsen silet a cikin bango, layi biyu na bulo sama da doron ƙasa, wato kamar milimita 150, don laimar ƙasa kada ta hau. Sai wani ya zo ya zuba kankare a ƙofar gida ko tsakar gida har ya haura wannan layi, ruwa ya samu gada. A gindin bango kuma akwai bulo mai huji-huji da ke shigar da iska ƙarƙashin daɓen katako. Masu jin sanyi sai su toshe shi, bayan 'yan shekaru bakin katakan ya ruɓe. Abu na uku mai jawo danshi siminti ne. An ɗora waɗannan bangaye da kwaɓin farar ƙasa da yashi, kusan awo ɗaya ga uku, mai laushi, mai barin ruwa ya fita. Idan aka cike layukan da siminti, ruwa ba ya fita sai ta jikin bulon, sanyi ya daskarar da shi, fuskar bulon ta ɓare. A kowane titi za ka ga gida ɗaya ko biyu da layukan siminti suka yi tudu, bulon da ke tsakaninsu ya lotsa.

Mafitar hayaƙi ce ta fi ba ni tsoro a cikin abin da na gani. Tana cin wuri a ɗaki, tunda kuma yanzu da gas ake ɗumama gida, mutane na fasa ta a ɗakin ƙasa su bar ta a sama. Abin da ya rage a sama bulo ne mai nauyin gaske, rataye ba mai riƙe shi. Dole a ɗora shi kan ƙarfen da injiniya ya lissafta, a kuma samu amincewar masu duba gini. Wasu na amfani da maƙalan ƙarfe da ake ɗaurewa a jikin bangon tarayya, amma ƙananan hukumomi da yawa ba sa yarda da su in maƙwabci ya riga ya cire tasa, ko in kwaɓin ya yi rauni. Ramin hayaƙin da aka daina amfani da shi kuma ba a toshe shi ruf. Ana barin kafar iska sama da ƙasa, in ba haka ba tabon ruwan ƙasa-ƙasa ya fito a yaɓe.

Daga nan sai saman silin. Duk mai son sayen tsohon gidan jere ya hau da tocila. A wasu layukan bangon tarayya a silin ya tsaya, bai kai rufi ba, sai ka haska ka hango saman gidaje biyar ko shida a buɗe. Wuta in ta kama ɗaya, ta nan take bi, ɓarawo ma haka. Bankuna masu ba da bashin gida sukan ce sai an ɗaga bangon har ƙarƙashin rufi. Rufin asali silet ne daga arewacin Wales, wanda ke daɗewa fiye da ƙusoshin da suka riƙe shi. Da ƙusa ta yi tsatsa aka fara zamewa, da yawa sun canza zuwa tayil na kankare don ya fi araha, alhali ya kusa ninka silet nauyi. In ba a ƙara wa katakan ƙarfi ba, rufin sai ya lotsa a tsakiya. Daga tsallaken titi kana iya gane wanda ya yi haka, kuma a mahaɗarsa da rufin maƙwabci ne yoyo ke farawa.

Ribar gidan tsakiya ita ce ɗumi. Gaba da baya kawai ke shan sanyi, maƙwabta biyu na tare masa gefuna. Na bakin layi da tagwaye fuska uku suke bayarwa. Kowane gidan sayarwa ko haya yana da takardar da ke nuna yadda yake riƙe zafi, daga A zuwa G, kuma gidan haya bai kamata ya gaza E ba. A nemi wannan takarda kafin a sa hannu.

A Liverpool na ga abin da ke faruwa idan jere ya fara mutuwa. A Toxteth, kusa da Princes Park, akwai layukan da magina 'yan Wales suka gina a shekarun 1870 suka sa musu sunayen ƙasarsu, Madryn, Voelas, Powis, Kinmel. A ƙarƙashin shirin gwamnati na sabunta unguwanni, wanda ya gudana daga 2002 zuwa 2011, an kwashe mutane da niyyar rushewa, aka rufe ƙofofi da kwano, gidajen suka yi shekaru a haka. Gidan da ba kowa ba ya mutuwa shi kaɗai. Da an sace dalmar da ke kan rufinsa ruwa ya shiga, bangon tarayya ke kai laimar ga wanda ke zaune a gefe. Idan kuma aka rushe ɗaya, bangon da aka gina don zaman ciki ya koma yana fuskantar ruwan sama, sai an yi masa sabuwar riga an ɗaure shi da ƙarfe. Jere yana tsayuwa ne kamar buhunan hatsi da aka jera a tsaye, kowanne na tokare da ɗan'uwansa, na ƙarshe ke shan turi. Shi ya sa bangon gefe na gidan bakin layi yakan yi ciki ya turo waje, kuma in ka ga faifan ƙarfe a jikinsa, sandar da aka ɗaure shi da ita ce. Daga 2017 aka fara gyara layukan, a wasu wuraren aka fasa bango aka mai da gida biyu ɗaya. A ganina gyaran ya fi rushewa nesa ba kusa ba, don bulon da aka gina su da shi yana nan da ƙarfinsa. Hukumar birnin ma tun 2013 ta sayar da wasu kangaye a kan fam ɗaya, bisa sharaɗin mai saye ya gyara ya kuma zauna shekara biyar.

Kafin barin Liverpool ya kamata Musulmi ya je West Derby Road, lamba 8 a Brougham Terrace. A cikin wannan gidan jere ne lauya Abdullah Quilliam, wanda ya musulunta a 1887, ya buɗe masallaci a 1889, wanda ake ɗauka shi ne na farko a Ingila. Shi ne kuma ya je Legas a 1894 wajen buɗe masallacin Shitta-Bey. Ginin ya daɗe a hannun hukuma ana ofis a ciki, sai 2014 aka sake buɗe shi ana salla. Daga waje ba kubba ba hasumiya, ƙofa ce a cikin ƙofofi.

Kada a ɗauka jere na talaka ne kawai. A Bath, Royal Crescent gidaje 30 ne da John Wood ƙarami ya tsara aka gina daga 1767, fuskarsu ɗaya tamkar fada guda. Fuskar kaɗai ya zana, kowane mai saye ya gina bayansa yadda ya ga dama, don haka in ka zagaya ta baya ba biyu da suka yi kama. A Landan kuma, inda gobarar 1666 ta koya musu gini da bulo, ka ɗaga kai za ka ga bangon tarayya ya huda rufi ya fito sama tsakanin kowane gida biyu, don wuta kada ta tsallaka.

Tagwayen gidaje sai ka fita bayan gari. Daga Baker Street na hau jirgin layin Metropolitan zuwa Harrow da Pinner. Tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu an gina gidaje kusan miliyan huɗu a Birtaniya, mafi yawan na 'yan kasuwa tagwaye ne. Rahoton Tudor Walters na 1918, na kwamitin gwamnati kan gina gidaje, ya ba da shawarar gida 12 a eka ɗaya, jirgin ƙasa ya sauƙaƙa zuwa aiki, bashin gida ya yi araha a shekarun 1930. Tsarin kusan ɗaya ne ko'ina: falo biyu da kicin a ƙasa, ɗakunan kwana biyu manya da ƙarami ɗaya da banɗaki a sama, taga mai turowa waje a gaba, lambu gaba da baya, da hanya ta gefe.

Abin da za a fara dubawa shi ne inda ƙofofin shiga suke. In suna kusa da juna a tsakiya, to matakala da baranda ne ke jikin bangon tarayya, ɗakunan kwana sun yi nesa da juna, gidan ya fi shiru. In ƙofofin na can gefe da gefe, wanda shi ya fi yawa, falonka da ɗakin kwananka na manne da na maƙwabci. Na biyu, zanen bulo. In duk bulon a kwance yake ta tsawonsa, bangon ruɓi biyu ne da rata a tsakiya, kamar milimita 50. In ana ganin gajerun kawuna a tsakanin dogaye, bango ne cikakke mai inci tara. Mai ruɓi biyu an ɗaure shi da 'yan ƙarafa, kuma na wancan zamani suna tsatsa su kumbura su ɗaga bulo. Alamarsa tsaga a kwance, tana maimaituwa duk bayan layi huɗu zuwa shida. Maganin shi ne a huda a sa sababbi marasa tsatsa, a kuma raba tsofaffin da ruɓin waje.

Tagar mai turowa waje ma tana da nata. Harsashinta bai kai na gidan zurfi ba, kuma katakon tagar asali shi ke ɗauke da abin da ke samansa. Wanda ya cire shi ya sa na roba ba tare da sandunan ƙarfe a kusurwoyi ba zai ga tsaga ta fito inda tagar ta haɗu da bango. Ƙasar Landan kuma yumɓu ce, tana ƙanƙancewa da fari ta kumbura da ruwa. Babbar bishiya kusa da gida tana tsotse laimar, harsashi ya sauka. Bayan bazarar 1976 da 2018 da 2022 kamfanonin inshora sun sha koke. Tsagar da ke nuna haka a karkace take, ta fi faɗi daga sama, tana bin kusurwar taga ko ƙofa, ana ganinta ciki da waje. A tagwaye, bishiyar na iya zama a lambun wancan, tsagar a bangon wannan.

Saboda irin wannan cuɗanya ne aka yi dokar bangon tarayya ta 1996, wadda ta fara aiki a 1997 a Ingila da Wales. Wanda zai taɓa bangon, ya huda shi don ɗora ƙarfe, ya ɗaga shi, ko ya cire mafitar hayaƙi, sai ya ba maƙwabci sanarwa a rubuce wata biyu kafin a fara. Sabon bango a kan iyaka, wata ɗaya. Haƙa harsashi a cikin mita uku daga ginin maƙwabci, in zai fi nasa zurfi, shi ma wata ɗaya. Akwai kuma sharaɗin mita shida ga haƙa mai zurfi sosai. Maƙwabci na da kwana 14 ya amsa. In ya yi shiru, doka na ɗauka bai yarda ba, sai a naɗa safiyo, ko ɗaya da suka amince da shi ko kowa da nasa, su rubuta yadda za a yi aikin, da lokutansa, da wanda zai biya ɓarna. Yawanci mai aikin ke biyan kuɗinsu duka. Kafin a sa guduma ana ɗaukar hoton kowace tsaga a gidan maƙwabci, kuma wannan ne ke raba gardama daga baya. Maƙwabci ba shi da ikon hana aikin da doka ta halatta, mai aiki kuma ba shi da ikon cutar da shi. Na tuna hadisin Abu Huraira da ya hana mutum hana maƙwabcinsa kafa itace a bangonsa. Tushen maganar ɗaya ne, su dai sun ƙara mata takarda da wa'adi. Masu gina jere da tagwaye a Abuja da Kaduna da bulo mai rami za su amfana da wannan, musamman wajen ɗaga bangon har rufi da rubuta wanda ke da alhakin gyara.

Sunan gidan yana shiga lissafin faɗaɗawa ma. A Ingila, ba tare da cikakken izinin tsara gari ba, gidan da ke manne da wani zai iya ƙara ɗaki mai hawa ɗaya a baya har mita uku, mai zaman kansa mita huɗu. In an sanar da hukuma ta tuntuɓi maƙwabta, ya kai shida da takwas. Mai son mai da saman silin ɗaki, mita 40 na kubik aka ba gidan jere, 50 ga tagwaye da mai zaman kansa. A unguwannin tarihi da aka kare, waɗannan damammaki na raguwa.

Sauran abin da ake tarayya a ƙarƙashin ƙasa yake. A tsofaffin layuka bututun kwata ɗaya ne ke bin bayan gidaje yana karɓar na kowa, kuma na ƙarshen gangare ke shan wahala in wani a sama ya zuba mai. Tun 1 ga Oktoba 2011, daga inda bututu ya haɗa gida biyu ko ya fita daga iyakarka, na kamfanin ruwa ne, shi ake kira, kuma gini a kansa ko a cikin mita uku daga gare shi sai da yardarsa. Bututun ruwan sha ma a wasu layukan ɗaya ne ga gidaje da yawa, shi ya sa famfo ke raguwa da safe. A gidan da aka gina kafin 1970, a buɗe ƙarƙashin wurin wanke-wanke a sa kwabo a ɗan kankare bututun da ke shigowa: in ya yi laushi, launinsa toka-toka, inda aka kankare kuma ya yi ƙyalli fari, dalma ce, sai a nemi kamfanin ruwa ya gwada ruwan a shirya canza shi.